Ranar da Igiyata Ta Sha Ruwan Rijiya

Ni dai ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini awon ƙasa. Da ido na koya, da naci. Ba a daɗe da karɓar mulki daga hannun Turawa ba sai ga masu safiyo sun sauka a gefen garinmu, Kurmin Kogi, suna auna inda za a gyara hanyar da ta fito daga Ikara. Lokacin ina da shekara ashirin da biyu, na yi aure, ina noman gonar gidanmu, kuma na gama ajin yaƙi da jahilci, na iya karatun boko da lissafi daidai gwargwado. Kwana goma sha ɗaya suka yi, kwana goma sha ɗaya ina biye da su kamar an ɗaure ni.

Kai, in ba ka taɓa ganin sarƙar awo ba, ba za ka gane abin da ya kama ni ba! Ta ƙarfe ce, gaɓa ɗari, kowane baki da mariƙinsa. Mutum biyu ke ja. Na gaba ya miƙe ta ya soke tsinken ƙarfe a ƙasa, na baya in ya iso ya zare. In tsinke goma sun taru a hannun na baya, an yi sarƙa goma ke nan, ba gardama, ba rantsuwa, ba a kira tsoho ya tuno inda kakansa ya ce. Mu da muka saba da "daga tsamiyar can zuwa gidan tururuwar can", wannan abu ya zauna mini a zuciya.

Sai na tufka igiyar rama da hannuna, mai kauri. Ranar da za su tashi na yi ƙarfin hali na roƙi shi Safiyon kansa, wani dogon mutum ɗan kudancin Zariya mai gajeren wando, ya bar ni in shimfiɗa igiyata a gefen sarƙarsa. Ya yi dariya ya ce in shimfiɗa. Na yanke ta daidai tsawon sarƙar, na yi mata ƙulli goma. Da na dawo gida na miƙe ta a bayan ɗakinmu, na kafa turke a wannan baki na kafa a wancan, don tsawon ya zauna a ƙasa ko da igiyar ta ɓace. Daga nan ba abin da ban auna ba. Gonarmu, filin idi, garken maƙwabcinmu. Samari suka sa mini suna Safiyon igiya, suna yi ne don tsiya, ni kuwa daɗi nake ji.

A bazarar shekarar da ta biyo baya wani tsoho ya rasu a unguwarmu, ya bar gona guda doguwa a bakin rafi, ya bar 'ya'ya biyu. Babban shi ne wanda kowa ke ce wa Sajan. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Turawa ya dawo da murya irin wadda in ya yi sallama kaji ke watsewa. Da idona na taɓa ganin ya ɗaga wani ɗan kamasho a tashar Ikara ya ɗora shi a kan rufin rumfa, saboda ya ce masa "kai". Ƙanwarsa kuwa, da duk unguwa muke ce wa Gwaggo, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ƙuli-ƙuli take yi tana ciyar da su.

Malam, limaminmu, shi ke rabon gado. Ya aiko aka kira ni zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Inna, ya tambayi iyali, ya tambayi shirin damina, sannan ya ce:

"An ce kana da igiyar Nasara."

"Allah gafarta Malam, ta rama ce, amma tsawonta na gwamnati ne."

"To. Ni nawa lissafin na gama, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Naka shi ne ka nuna mana inda kashi ɗayan ya tsaya a ƙasa. Za ka iya?"

Na ce zan iya tun kafin ya rufe baki.

Ran Asabar da hantsi muka fita, da Malam da Sajan da shaidu uku, Gwaggo na tsaye nesa kaɗan a inuwar ɗorawa. Gonar ta zo mini da sauƙi, don a miƙe take kamar tabarma. Na auna faɗi a kai da gindi, igiya shida shida. Na auna tsawo, igiya goma sha takwas cif. Na ce, "Allah gafarta Malam, goma sha biyu na Baba Sajan, shida na Gwaggo." Malam ya gyaɗa kai. Rana ta take, aka ce a je a yi azahar a ci abinci, a dawo a kafa iyaka.

Na shiga gida na rataye igiyar a bakin rumbu, na tafi masallaci. Da na dawo babu ita.

"Inna, ina igiyata?"

"Ga ta can a kan turmi. Ta guga ce ta tsinke, na ɗan ja ruwa da taka."

"Haba Inna! Igiyar awo ce fa!"

"To awon ne ya zube a rijiya? Igiya ce dai, ba rawanin hakimi ba. Ɗauki abarka, har na wanke maka ita."

Na ɗauka tana ɗigar ruwa, na girgiza ta, na saɓa a kafaɗa. Wallahi abin da ya dame ni a lokacin shi ne ta jiƙa mini riga. Muka koma gona, na fara daga bakin rafi, ɓangaren da Gwaggo ta zaɓa, na ja igiya shida ta wannan gefe, na ja shida ta wancan, na kafa turaku. Ban sake auna na Sajan ba. Me zan auna? Goma sha takwas a cire shida, ai ko ɗan aji ɗaya ya sani. Aka yi fatiha. Da ruwa ya sauka aka dasa gamba a layin turakuna, yadda ake yi a wajenmu, don ita gamba in ta kama ƙasa ta zama iyaka har jikoki. Kowa ya yi huɗa ya shuka dawarsa.

Bayan sati uku, wata rana na manta igiyar a waje ruwa ya dake ta. Da ya ɗauke na ce bari in miƙe ta a kan turakun bayan ɗaki ta bushe. Na maƙala wannan baki, na ja zuwa wancan, sai ta ƙi kaiwa. Na ja da ƙarfi, ta ƙi. Na zaci yara ne suka matsar da turken, na duba gindinsa, ciyawa ta ma rufe shi. Na gwada giɓin da hannuna, kamu ɗaya da rabi.

Na bar ta a rana, washegari da ta bushe na ja sai ga ta ta kai. Na ɗebo ruwa na tsoma ta, na sake gwadawa, ta ƙi. Sau uku na yi haka. Ashe igiyar rama in ta sha ruwa tsukewa take yi! Duk mai ɗaure kaya a jaki ya san wannan, ni ma na sani, amma ban taɓa haɗa shi da awo ba. A tsugune nake a wajen, sai na tuna igiyar tana ɗigar ruwa a kafaɗata ranar rabon.

Na zana lissafin a ƙasa da tsinke. Kamu ɗaya da rabi sau shida, kamu tara. Kamu tara na gonar Gwaggo, tun daga wannan gefe har wancan, na yanke na ba Sajan. In aka mai da shi huɗa, kunyoyi biyar ne dogaye. Na share da ƙafa na sake yi, ko zai canza. Bai canza ba.

A ranar kuma na ji a bakin masallaci cewa Sajan ya je Zariya ya nemi safiyon gwamnati ya zo ya kafa masa duwatsun siminti a iyakarsa, ya ba shi takarda, irin yadda manyan birni ke yi. Saura kwana tara. Na san yadda aikin yake, don na gani. Safiyo ba rabon gado ya zo yi ba. Inda masu gona biyu suka nuna masa suka ce sun yarda, nan zai auna ya binne dutsensa. Kuma kowa ya san dutsen gwamnati in ya shiga ƙasa, wanda ya taɓa shi sai gidan yari. Gamba ana iya cirewa. Siminti kuwa shi ke nan.

Ba wanda ya sani sai ni. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, don in na yi shiru, shirun zai yi.

Na ce bari dai in je gonar in sake aunawa da busasshiyar igiya in tabbatar. Na zaɓi tsakar rana, lokacin da manoma ke komawa gida, na bi ta bakin rafi a sunkuye. Na ja ɗaya, na ja biyu, ina ta uku sai na ji daga bayana:

"Tsaya nan!"

Na juyo. Sajan ne, da fartanya a kafaɗa.

"Me kake nema a gonar mutane da rana tsaka kamar ɓarawon rogo?"

"Ranka ya daɗe, Baba, ina... ina gwada igiya ne."

"Akwai abin da ya samu awon naka ne?"

Ya tsaya a kaina yana jira. Ina kallon yatsun ƙafarsa.

"Babu, Baba. Lafiya lau."

"To naɗe ta ka ba ni wuri. Ran Litinin mai sarƙar gaske zai zo, kai ma ka zo ka ga aikinka ya zama dutse. Na gaya wa mutane a Zariya muna da namu safiyon a ƙauye."

Na naɗe igiya na bar wajen. Ga kuskure, ga ƙarya na ɗora a kai.

Tuwo ya daina wuce mini. Matata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce eh. Na ce to bari in je wajen Gwaggo, ita mace ce mai sanyi, in fara da ita. Na same ta tana matsar tunkuza, yaran na kewaye da ita. Kafin in gama gaisuwa ta cika mini aljihu da ƙuli-ƙuli.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Da ba don igiyarka ba, da yanzu ana nan ana cewa kaza ne kaza ne, ni kuwa ka san ba na iya ɗaga ido in dubi Yaya. Yanzu ga nawa ga nasa."

Na ce amin. Na fito ban faɗa ba. Ƙuli-ƙulin nan na kasa ci, na kasa zubarwa.

Sai na tafi zauren Malam bayan la'asar, lokacin karatun manya, da niyyar in an watse in tsaya. Na zauna a baya. Kamar an gaya masa, karatun ranar ya biyo ta kan haƙƙin maƙwabci, ya zo inda ake cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci, ranar tsayuwa za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai. Taƙi ɗaya fa, daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya. Kaina da ya saba da lissafi ya kama yi da kansa, ban sa shi ba: kamu ɗaya taƙi biyu, kamu tara taƙi goma sha takwas, kuma wannan faɗin ne kawai, ban taɓa tsawon igiya shida ba, ban taɓa zurfin ƙasa bakwai ba, kuma ta marayu. Na ji wuyana ya yi nauyi a zaune. Wa za a rataya wa? Sajan bai sani ba. Gwaggo ba ta sani ba. Da aka shafa fatiha na riga kowa fita, na manta takalmina a ƙofar zaure.

Ran Litinin mota ta tsaya a bakin hanya da hantsi. Safiyon nan ne dai mai gajeren wando, da leburorinsa uku, da na'urarsa mai ƙafa uku, da buhun siminti. Rabin gari ya fito kallo. Yana ganina ya ce, "A'a, mai igiya! An ce kai ka yi rabon. Ka rage mini aiki."

Aka yi dariya. Ni ban iya ba.

Ya tsaya a kan layin gamba, ya buɗe littafinsa. Ya tambayi Sajan, "Nan ne iyakarka?" Ya ce nan ne. Ya juya wajen Gwaggo, "Mama, kin yarda nan ne?" Ta ce ta yarda. Ya ce wa leburori su haƙa. Ina tsaye ina kallon rami na zurfi, ɗaya lebura ya zuba yashi da siminti ya kwarara ruwa ya fara juyawa da shebur. Ƙarar shebur ɗin nan a kan tsakuwa har yau ina jin ta. Na ce a raina in ya cika kwanon farko zan yi magana. Ya cika. Na ce in ya ɗauka. Ya ɗauka. Ya taka ɗaya, biyu, ya kai bakin rami.

"A dakata!"

Muryar da ta fito ba tawa ba ce, siririya ce kamar ta ɗan akuya. Kowa ya juyo. Na zube a gaban Malam.

"Allah gafarta Malam, awon nan ba daidai ba ne. Igiyar a jiƙe take da na auna na Gwaggo. An ja ruwa da ita. Na Gwaggo bai cika ba, kamu tara ne babu."

Ban ɗaga kai ba, amma na ga ƙafafun Sajan sun nufo ni. Ya damƙi wuyan rigata ya ɗaga ni tsaye, har yatsuna suka bar ƙasa.

"Yaushe ka sani?"

"Kwana tara, Baba."

"Ranar da na same ka a nan ka sani?"

"Na sani."

"Na tambaye ka, ka dubi ƙasa ka ce mini lafiya lau."

Marin da ya yi mini ban gan shi ba, na dai ji kunnena ya ɗauki ƙara, na ga ɗorawa ta karkace. Gwaggo ta yi salati ta ce, "Yaya, don Allah! Yaya!" Malam ya ɗaga sandarsa tsakaninmu ya ce, "Ya isa, Sajan. Mari ɗaya na ƙaryar ne, na gani ban hana ba. Na biyu kuma zalunci ne."

Safiyo ya matso. Ya sa aka ajiye kwanon, aka warware sarƙa. Suka ja daga bakin rafi, ina tsaye kunnena na kuka ina ƙirga tsinkayen tare da su, don ko a wannan hali ban iya hana kaina ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ta shida ta tsallake gamba ta shiga cikin dawar Sajan, ta wuce kunya ɗaya, biyu, har biyar, sannan lebura ya soke tsinke. Suka sake ta ɗaya gefen, haka. Suka auna ragowar, goma sha biyu cif.

Safiyo ya rufe littafi ya ce, "Gaskiyar yaron ce. Da simintin nan ya shiga ya bushe, ni kaina ba ni da ikon cire shi sai an koma ofis an yi shekara ana rubuce-rubuce." Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya. "Ko sarƙar nan ta ƙarfe, kullum kafin in fita sai na gwada ta. In na ajiye na ci abinci, in gwada. Kuma in ka raba abu biyu, ka auna duka biyun, kada ka ce lissafi ya auna maka ɗaya." Ku da kuke sha'awar aikin nan kamar ni, ku riƙe wannan, ni da kunnena na saye shi.

Sajan na tsaye yana kallon kunyoyin nan biyar, dawar ta kai gwiwa, kore shar. Gwaggo ta ce a hankali, "Yaya, ai kai ka shuka. Ka girbe abinka bana, baɗi sai a gyara."

Ya juyo mata kamar zai cinye ta. "Ni? In kai hatsin marayu rumbuna? Sati huɗu ina taka ƙasarsu ina cewa tawa ce, bai isa ba?" Ya nuna ni da yatsa. "Kai. Kawo fartanya."

Shi ne ya sa ni na cire gambar nan tushe-tushe, tsawon igiya shida, na mai da ita sabon layi, ni kaɗai. Ya hana kowa taimaka mini. Leburori suka haƙa sababbin ramuka suka binne duwatsunsu, Safiyo ya leƙa na'urarsa ya yi rubutunsa, mota ta tashi, mutane suka watse, ni ina duƙe. Gamba ta yayyanka mini hannu. Sajan na tsaye a kaina da hannu a baya, in layi ya ɗan kauce sai ya ce, "Cire. Sake." Duk sanda inuwarsa ta motsa sai in ƙanƙame wuya ina jiran mari na biyu. Bai zo ba. Sai da la'asar ta yi sanyi na dasa tushen ƙarshe, ya bi layin da ido daga dutse zuwa dutse, ya juya ya tafi bai ce mini ko sannu ba.

Da kaka 'ya'yan Gwaggo suka yanke dawar kunyoyin nan, dami huɗu da ɗan ƙari, suka kai rumbunta. Shi kuwa Sajan, kullum muka haɗu a hanyar masallaci nakan durƙusa tun daga nesa in gaishe shi, yakan wuce kamar bai ji ba. Shekara uku ke nan, kuma har yanzu haka muke.